Yadda Ake Ɗaukar Kyanwa Hoto A Gida Ba Tare Da An Yi Kokawa Da Ita Ba

Rannan kyanwata na kwance a kan hannun kujera, hasken hantsi ya sauka a gefen fuskarta, gashin bakinta ya fito ɗaya-ɗaya kamar an ja shi da alli. Na yi sanɗa na ɗauko waya. Kafin in buɗe kyamara ta diro ƙasa, ta taho tana shinshinar wayar. Hoton da na samu: hanci ƙato, rabin ido, sauran duk hazo. Duk mai kyanwa yana da irin wannan hoto a wayarsa, na wani ma ya fi ɗari.

Kare kana iya koya masa ya zauna in ka ce zauna. Kyanwa kuwa sai ta yi maka kallon hadarin kaji, ta juya maka ƙeya, ta kama lasar ƙafarta. Saboda haka tun farko ka cire ta daga lissafin abubuwan da za ka juya. Abin da ke hannunka shi ne haske, da wuri, da saitin kyamara, da inda kai kanka za ka tsaya, da lokacin da za ka zaɓa. In ka gama da waɗannan, ita da ƙafarta za ta shigo cikin hoton. Kada kuma ka ce ai sai mai babbar kyamara. Tun a shekarun 1870 wani mai hoto a garin Brighton na Ingila, Harry Pointer, yake ɗaukar kyanwowinsa, yana buga hotunan a ƙananan katuna yana sayarwa, da kyamarar da wayar aljihunka ta fi ta sauri nesa ba kusa ba.

Mataki na farko: kwana biyu kana kallo kawai

Kafin ka ɗauki ko hoto ɗaya, yi kwana biyu kana lura da ita. Kyanwa tana barcin awa 12 zuwa 16 a kullum, kuma ba ko'ina take kwanciya ba. Tana da wurarenta biyu ko uku da take zagayawa, galibi tana bin rana ko ɗumi. Gano ina take da hantsi, ina take da la'asar, kuma cikin wuraren nan wanne ya fi kusa da taga. Can za ka yi aikinka.

A halittarta, da asuba da magariba ne ƙarfinta ke tashi, don lokacin farauta ke nan. Sai dai a lokutan nan haske ba shi da ƙarfi, hoton gudu da tsalle kuwa haske yake ci. In wasa kake son ɗauka, riƙa jan ta da wasa da la'asar tun rana na da sauran ƙarfi, bayan 'yan kwanaki za ta saba har ta riƙa jiran lokacin. In hoton natsuwa kake nema, lokaci biyu ne suka fi ba ni: minti biyun farko bayan ta farka, sa'ad da take miƙa da hamma, sai kuma bayan ta ci ta ƙoshi ta zauna wanke fuska.

A cikin kwana biyun nan ne kuma za ka saba mata da kyamarar. Ajiye ta a ƙasa, bar ta ta shinshina, ta goga mata kunci in ta ga dama. Abin da ta goga wa kunci ya zama nata, ba za ta ƙara damuwa da shi ba. Kashe ƙarar da kyamara ke yi in an danna, da 'yar ƙarar da take yi in ta kama saiti, da ɗan jan hasken da wasu kyamarori ke haskawa a duhu. Kunnen mutum yana tsayawa wajen sauti mai kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na kyanwa yana haura 60,000. Ƙarar da kai ba ka ɗauke ta a bakin komai ba, ita ta isa ta karkata mata kunne, kunnen da ya karkata kuwa ya ɓata hoto.

In tana yarda, taje mata gashi, ka goge kwantsar gefen idonta da auduga mai ɗan laima. Kwantsar nan ba ka ganinta da ido, amma a hoto ita za ka fara gani. Ka goge gilashin kyamarar ma, musamman na waya, wanda kullum yatsa ke kai.

Mataki na biyu: haske

Nan ne aikin yake, saura duk ƙari ne. Mafi yawan hotunan kyanwa da suka lalace, rashin haske ne ya lalata su. Idon mutum yana ganin ɗaki da haske tas, kyamara kuwa duhu take gani. In haske ya yi mata kaɗan sai ta daɗe tana buɗe da ido kafin ta rufe, duk motsin da kyanwar ta yi a tsakanin sai ya fito dishi-dishi.

Taga ita ce fitilarka. Zuge labule gaba ɗaya, sannan ka kashe ƙwan lantarkin ɗakin. Mutane sukan yi mamakin wannan, su ce ana neman haske kuma a kashe fitila? Dalili shi ne launinsu ba ɗaya ba ne. Hasken taga yana da ɗan shuɗi-shuɗi, na ƙwai da yawa yana da rawaya-rawaya. In suka haɗu a jikin kyanwa sai ka ga gefe ɗaya launi daban, ɗaya gefen daban, kuma gyara wannan daga baya wahala ne.

Nisanta da taga yana da muhimmanci ƙwarai. Haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ido ke nuna maka. Kyanwar da ke taku ɗaya daga taga tana samun haske ninkin ba ninki a kan wadda ke tsakiyar ɗaki. In wurin kwanciyarta yana da nisa, jawo kujerar ko bargon kusa da taga tun kwana ɗaya kafin ranar, ba a ranar ba, don ta gama binciken sauyin ta huce.

Sai inda za ka tsaya. In ka tsaya tsakanin taga da kyanwa, bayanka ga taga, hasken zai bugi fuskarta kai tsaye, komai ya fito, amma hoton zai yi lami, kuma inuwarka na iya faɗa mata. Abin da na fi so shi ne taga ta kasance a gefena, dama ko hagu, yadda hasken zai ratsa gashinta ta gefe. A nan ne kowane silin gashi ke fitowa, gefe ɗaya na fuskar da haske, ɗayan da 'yar inuwa, sai fuskar ta yi kauri kamar ka kai hannu ka taɓa. In inuwar ta yi duhu da yawa, jingina farin kwali ko ka rataya farin tawul a ɗaya gefen, kamar rabin mita daga gare ta, zai mayar mata da hasken. Matsar da shi gaba da baya kana kallon fuskar wayar, za ka ga inuwar tana buɗewa tana rufewa.

Akwai na uku, wato taga a bayanta, kai kana fuskantar hasken. Wannan ya fi wuya, amma in ya yi kyau ba kama hannun yaro. Gefen jikinta yakan yi zobe na haske, kunnuwanta su yi ja-ja har ka ga jijiyoyin ciki. Kyamara za ta so ta mai da ita baƙar inuwa, don haka sai ka taɓa jikinta a fuskar waya ka ƙara haske da hannunka, ka ƙyale tagar ta yi fari fat.

Rana tsagwaronta, wadda ke shigowa ta zana murabba'i a ƙasa, kyanwa na son ta, kyamara ba ta so. Inda ta sauka yakan ƙone ya yi fari, inda ba ta sauka ba ya yi baƙi, ga shi kyanwar za ta kanne ido. Saki farin labule mai shara-shara ya tace ta, ko ka jira gajimare ya gifta. Ranar da gari ya yi lumshi ta fi kowace rana daɗin wannan aiki.

Lura da idonta kuma. A haske mai ƙarfi baƙin tsakiyar idon yakan tsuke ya zama siririn layi a tsaye, launin idon ya fito sosai, kore ko ruwan zuma ko shuɗi, fuskar ta yi kwarjini. A haske mai sanyi yakan buɗe ya zama kewayayye, sai ta yi kama da 'yar jaririya. Duk biyun suna da kyau, kai za ka zaɓa, kuma matsar da ita taku ɗaya ko sakin rabin labule ya isa ya sauya shi. Abin da ba a yafe rashinsa shi ne ɗan farin ɗigon taga da ke kwantawa a cikin ido. In babu shi idon yakan mutu, kamar na 'yar tsana. In ba ka gan shi ba, jawo hankalinta ta ɗan juya wajen tagar, zai bayyana.

Filasha kuwa, kashe ta. A can bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi mai kama da madubi da ke mayar da haske, shi ke taimaka mata gani da dare. In ka haska mata filasha kai tsaye sai idanun su fito kamar fitilun mota, kore ko rawaya, wani lokaci ja a wurin masu shuɗin ido. Ga firgita da za ta yi, gobe in ta ga ka ɗaga waya sai ta bar maka ɗakin. In dole sai da dare, kunna fitila mai ƙarfi ka juya ta ga farin bango, hasken da ya dawo daga bangon ya fi laushi. Ka dai san cewa wasu ƙwayayen lantarki suna ƙyaftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa, ido ba ya kama wannan, amma in kyamara na sauri sosai sai ka ga ratsi-ratsi a hoton. Saitin dare na waya kuma yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya gama, sai ga mai barci kawai yake da amfani.

Mataki na uku: share abin da ke bayanta

Tsuguna inda za ka ɗauki hoton, ka duba fuskar wayar tun kyanwar ba ta zo ba. Wayar caja, takalmi, ƙafar tebur, kwandon shara, duk za ka gan su yanzu. Kwashe su. Minti biyu a nan ya fi awa guda kana ƙoƙarin gogewa da manhaja.

Zaɓi bayan da ya saɓa da launinta: mai duhu ga fara, mai ɗan haske ga baƙa, mai launi ɗaya ga mai rodi-rodi. Bargo mai zane da yawa yakan yi gasa da gashinta. Kuma ka bar tazara tsakaninta da bango, ko da mita ɗaya da rabi ce. Yawan nisan bango, yawan narkewarsa a hoto, sai ita kaɗai ta fito.

Yadda za ta zo wurin kuwa, kada ka ɗauko ta ka dasa. Kyanwar da aka dasa daƙiƙa uku take yi, kunnuwa a baya, sannan ta tsere. Shimfiɗa bargon da take kwana a kai mai ƙanshinta, ko ka ajiye kwali buɗaɗɗe, ka koma gefe ka yi kamar ba ruwanka. Ban taɓa ganin kwalin da ya yi minti goma a ɗakina babu kyanwa a ciki ba.

Kayan ado kuma a yi hattara. Zare da kirtani da ribon suna da kyau a hoto, amma in ta haɗiye suna iya naɗe mata hanji har sai an yi tiyata, don haka kana gamawa ka ɗauke su. Furen lili guba ne ga kyanwa, ko ƙurar furen ta lasa tana iya lalata mata ƙoda, kada ya shigo ɗakin sam. Sa mata riga ko hula kuwa, ni dai ban ga hoton da ya cancanci wannan takurar ba, kuma fuskarta ma za ta tona ka.

Mataki na huɗu: sauka ƙasa

In aka ce in zaɓi shawara ɗaya bayan haske, wannan ce. Kullum daga sama muke ganin kyanwa, don haka hoton da aka ɗauka a tsaye bai nuna wa kowa sabon abu ba: ƙaton kai, ƙananan ƙafafu, da daɓen ɗaki. Kwanta rub da ciki, ka kafa gwiwar hannu a ƙasa, gilashin kyamara daidai da idonta. Daga nan za ka ga ashe dabba ce mai ƙirji da kafaɗa, ƙaramar damisa sak. Gwiwar hannun da ka kafa kuma tana hana kyamarar rawa.

In da waya kake, juya ta kai ƙasa, yadda gilashin zai dawo kusa da daɓe, wayar za ta daidaita hoton da kanta. In kwanciya na ba ka wuya, bari sai ta hau kujera ko bakin taga, kai ka zauna a ƙasa.

Kada ka matsa mata da yawa. Babban gilashin waya mai faɗin gani ne, duk abin da ya kusance shi sai ya kumbura, shi ya sa hancin nan nawa ya fito ƙato. Ja da baya kamar mita ɗaya, ka danna 2x ko 3x in wayarka na da gilashi na biyu. Ka dai sani cewa ƙaramin gilashin ya fi babban jin yunwar haske, sai kusa da taga. Jawo hoto da yatsu biyu har ya wuce wannan kuwa yanka hoton kawai wayar ke yi, gara ka ɗauka a yadda yake ka yanke daga baya. Mai kyamara, gilashin 50mm ya wadatar a ɗaki, 35mm in kana son ɗakin ya fito tare da ita, 85mm in mai gudun mutane ce.

Mataki na biyar: saiti

Doka ɗaya ce ba ta sauyawa: idon da ya fi kusa da kai shi zai fito tar. In ido ya fito, mai kallo zai yafe wutsiya da kunne. In hanci ne ya fito ido ya yi hazo, hoton ya tafi. Kyamara kuwa in ka bar ta da ra'ayinta, hanci ko gashin baki take kamawa, don su suka fi kusa.

A waya, taɓa idon a fuskar wayar. In ka danna ka riƙe na ɗan lokaci, yawancin wayoyi za su kulle saitin da hasken a nan, ba za su yi ta sauyawa duk sa'ad da ta motsa ba. Kusa da inda ka taɓa za ka ga alamar rana ko wani ɗan layi, da shi ake ƙara haske ko a rage. Saitin nan da ke narkar da baya da dabarar manhaja yana yin kyau wani lokaci, amma yakan cinye gashin baki da bakin kunne, don ba ya rarrabe su da bango. Ɗauki ɗaya da shi, ɗaya ba shi, ka gwada.

A kyamara, fara da saurin ƙyaftawa. Mai barci ko mai zaune shiru, 1/125 ya isa, wato kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. Mai wanke fuska ko juya kai, 1/250 zuwa sama. Mai wasa, 1/500. Mai tsalle, 1/1000. Ƙofar haske kuma, kowa yana son buɗe ta har f/1.8 don baya ya narke, amma a kusa abin da zai fito tar bai fi faɗin yatsa ba, tana ɗan motsi ido ya fita. Ni f/2.8 nake tsayawa, in kyanwa biyu ne f/5.6, don yawan girman lambar, yawan tsukewar ƙofar da ƙaruwar abin da zai fito tar. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara wanda in ya hau yake sa hoto ɗan yashi-yashi, bar shi ya hau da kansa, ko ya kai 1600 ko 3200 kada ka damu. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya tace shi, wanda motsi ya shafe kuwa sai dai a goge. Sa saiti mai bin motsi, kuma in kyamararka na gane idon dabba kunna shi. Sony ta sa wannan a wasu kyamarorinta tun 2019, yanzu yawancin sababbin kyamarori suna da shi.

Baƙar kyanwa da fara suna da tasu rigimar. Kyamara kullum tana ƙoƙarin mai da abin da ta gani tsaka-tsaki, ruwan toka. In baƙa ta cika hoton sai ta ƙara haske har gashin ya koɗe, don haka rage kamar −0.7 ko −1. In fara ce sai ta rage har ta fito kamar ta yi birgima a toka, sai ka ƙara +0.7 ko +1, kana duba kada goshinta ya ƙone. Baƙar da ke kan farin bargo kuma akasin haka ne, bargon zai ruɗi kyamara ta mai da ita dunƙulen gawayi mai ido biyu. Sauya mata bargo mai matsakaicin launi, ka ba ta hasken gefe, don sheƙin gashinta shi ne kaɗai ke nuna siffarta. Fara kuma tana ɗaukar launin duk abin da ke kusa da ita, jan labule zai sa cikinta ya yi ja.

Mataki na shida: yadda za ta kalle ka

Kiran sunanta ba ya aiki, ta ji shi sau dubu. Sabon sauti ake so, kuma mai rauni: murza takarda, kaɗa makulli a hankali, karta farce a kan kujera, tsotsar leɓe. Kowanne sau biyu ko uku zai yi maka aiki, daga nan ta gano ba komai ba ne. Don haka kada ka ɓarnatar. Gama saiti tukuna, yatsa a kan maɓalli, sannan ka yi sautin, kuma ka yi shi dab da gilashin kyamara, don inda sautin ya fito nan za ta kalla. Daƙiƙa ɗaya kake da ita: kunnuwa su miƙe, gashin baki ya turo gaba, ido ya buɗe. Danna a nan.

Sanda mai gashin tsuntsu a kai ita ce abin da ya fi min amfani. Riƙe ta da hagu a saman kyamara kaɗan, in kuma akwai mai taimaka maka, ya tsaya a bayanka, ba a gefe ba. Ɗan abin maƙulashen da take so ma yana aiki, amma yana da illa: tana ganinsa za ta taso ta zo ta cusa kai a kyamara. Ajiye shi sai an gama.

Kada ka ƙura mata ido, a wurinsu wannan neman faɗa ne. Lumshe ido a hankali ka buɗe, ka ɗan kau da kai. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun wallafa wani nazari a 2020 da ya nuna kyanwowi sukan mayar wa mutum wannan lumshewar, kuma sun fi kusantar wanda ya yi musu ita. Ni dai na ga amfaninta a hoto: fuskar da kyanwa ke yi tana mayar maka da lumshewa ta fi kowace fuska taushi.

Ka kuma san lokacin tsayawa. Wutsiya na dukan ƙasa, kunnuwa sun kwanta gefe ko baya, fatar gadon bayanta na motsi, ko ta fara lasar jiki da sauri-sauri ba dalili, to ta gaji. Minti biyar zuwa goma sun isa zama ɗaya. In ka tsaya tun ba ta gundura ba, gobe za ta sake ba ka dama.

Tsalle, da ƙananan abubuwa

Hoton tsalle ba a bin kyanwa da kyamara, za ta riga ka. Zaɓi wurin da za ta dira, ka kulle saiti a nan, ka bar fili a hoton fiye da yadda kake zato, sannan a jawo ta da sandar gashin tsuntsu. Tana da alama: za ta laɓe, ƙirji a ƙasa, ido ya buɗe baƙi wuluk, sai ta kaɗa ƙugu hagu da dama. Kaɗa ƙugun nan shi ne ƙararrawarka. Fara ɗauka a jere tun daga nan, kada ka jira sai ta tashi. A sababbin iPhone ana jan maɓallin ɗauka zuwa hagu a riƙe, a wayoyin Samsung da yawa ana jan shi ƙasa. Cikin talatin kana iya samun ɗaya, kuma haka abin yake ga kowa.

Ranar da ta ƙi ba ka fuska, akwai sauran jiki. Tafin ƙafarta da ta miƙo tana barci, wutsiyar da ta naɗe a kan ƙafafu, harshe a tsakiyar lasa, bayanta tana kallon tsuntsu ta taga. Hamma ma tana da sanarwa: in ta farka ta yi miƙa, saita a fuskarta ka jira, tana tafe. Mage mai kwanciyar ɗaukar rai, in ji masu magana, kuma lokacin barcin nan ne za ka samu sararin gwada duk saitin da na lissafa ba mai hana ka. In za ka sa mutum a hoton, hannu kawai yana sosa mata ƙarƙashin haɓa ya fi a rungume ta ana kallon kyamara.

Zaɓe da gyara

Kada ka tsaya duba hotuna tana gabanka, abin da kake jira yakan faru ne daidai lokacin da ka sunkuyar da kai. In an gama, buɗe kowanne ka faɗaɗa shi a kan ido. Wanda idonsa bai fito ba goge shi, komai kyan zaman da ta yi. Cikin goma masu kama da juna ajiye ɗaya, mai kunnuwa biyu a miƙe.

Gyara kaɗan ya isa. Daidaita hoton in ya karkace. Yanke shi yadda za a bar fili a gefen da take kallo, kuma kada yankan ya faɗa a kan kunne ko tsakiyar ƙafa. Ɗan buɗe inuwa, ɗan rage wuraren da suka yi fari da yawa, sannan ka gyara launi har farin gashinta ya zama fari. Kada ka cika ƙarfin launi, don kyanwa mai ruwan goro nan da nan take komawa kamar an tsoma ta a rini, kuma yawan kaifafa hoto yana mai da gashi kamar burushi.

Kafin ka ɗora a intanet, duba abu biyu. Na farko abin da ke bayanta: takarda mai adireshi, lambar waya a jikin abin wuyanta, abin da ake hangowa ta taga. Na biyu, wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi. A 2014 wani malamin jami'a a Amurka, Owen Mundy, ya tattara hotunan kyanwowi da mutane suka ɗora a fili, ya jera su a kan taswira da wannan bayanin, don ya nuna yadda hoton mage ke iya nuna ƙofar gidan mai ita. Shiga saitin kyamarar wayarka ka kashe alamar wuri, ko ka cire ta lokacin turawa. In kuma za ka aika wa wani ta WhatsApp don ya wanke maka a takarda, tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto, gashin bakin da ka kwanta rub da ciki ka samo shi ne farkon abin da zai ɓace.